Wa Zai Gyara Maka Jamusancinka? Kwatanta Hanyoyi Biyar da Masu Jin Sifaniyanci Ke Bi

Mutumin da ya tashi da harshen Sifaniyanci, ko ya zauna a Sifaniya har harshen ya zame masa jiki, idan ya fara koyon Jamusanci ba ya rasa littafi ko darasi, domin waɗannan suna nan birjik, wasu ma kyauta ne. Darussan Nicos Weg na tashar DW, waɗanda suka tashi daga matakin A1 zuwa B1 (matakan ƙwarewar harshe shida ne, daga ƙasa zuwa sama: A1, A2, B1, B2, C1, C2), an ma gina su ne a kan labarin wani matashi ɗan Sifaniya da ya sauka a Jamus bai iya harshen ba. Abin da mai koyo yake rasawa shi ne wanda zai duba abin da ya rubuta, ya saurari abin da ya faɗa, ya ce masa nan ka yi daidai, nan kuma ka kauce. A nan ne ruɗani yake shigowa: shin ya haɗa kai da 'yan uwansa masu koyo, ko ya nemi Bajamushe su yi musayar harshe, ko ya dogara da manhajar waya, ko ya shiga aji, ko kuwa ya biya malami?

Tambayar ta shafi wasu daga cikin mutanenmu kai tsaye, domin akwai 'yan Afirka ta Yamma, da Hausawa a cikinsu, waɗanda suka yi shekaru a Sifaniya suna jin harshen ƙasar, yanzu kuma suna hangen aiki a Jamus, sau da yawa ma aji ɗaya suke zama da 'yan Sifaniya.

Matsalar ba sabuwa ba ce. Ranar 29 ga Maris, 1960, Jamus ta Yamma da Sifaniya suka rattaba hannu a kan yarjejeniyar ɗaukar ma'aikata, kuma kafin a dakatar da shirin a 1973 kimanin 'yan Sifaniya 600,000 sun je aiki a masana'antun Jamus. Mafi yawansu ba su shiga aji ba, a bakin aiki da ɗakunan kwana suka tsinci harshen. Daga 1974 masana a Jami'ar Heidelberg, ƙarƙashin Wolfgang Klein da Norbert Dittmar, suka yi nazarin Jamusancin ma'aikata 48 'yan Sifaniya da Italiya, suka gano cewa abin da ya fi tasiri a kan ƙwarewar mutum shi ne yawan cuɗanyarsa da Jamusawa a lokacin hutu, sai kuma shekarunsa lokacin da ya shigo ƙasar. A ɗaya ɓangaren kuma, ƙungiyoyin iyaye 'yan Sifaniya, waɗanda suka haɗe ƙarƙashin inuwa ɗaya a 1973, sun shirya wa 'ya'yansu taimakon aikin gida tare da dagewa a sanya su ajin da 'ya'yan Jamusawa ke zama, kuma har yau ana kafa misali da nasarar da yaran suka samu a makaranta. Wato tarihin ya nuna abu biyu a lokaci guda: taimakon juna yana da ƙarfi, amma bai wadatar ba idan babu cuɗanya da masu harshen.

Guguwa ta biyu ta taso bayan durƙushewar tattalin arziki a 2008, inda zuwa 2012 rashin aikin yi tsakanin matasan Sifaniya ya haura kashi 50 cikin 100, sai azuzuwan Jamusanci suka cika maƙil a Madrid da Barsalona. A 'yan shekarun nan kuma asibitocin Jamus suna ɗauko ma'aikatan jinya daga Meksiko da Kolombiya. Duk waɗannan mutane takardar shaida suke bukata: B1 ga mai neman zama ɗan ƙasa, B2 ga mafi yawan ma'aikatan jinya, likita kuwa sai ya ƙara da jarrabawar harshen asibiti a matakin C1. Cibiyar Goethe, mai koyar da Jamusanci da shirya jarrabawarsa a ƙasashen duniya, ta ƙiyasta cewa kai wa B1 yana cin darasi 350 zuwa 650 na minti 45, B2 kuwa 600 zuwa 800. Tafiya ce mai nisa, don haka wanda zai riƙa yi maka gyara a kan hanya ba abin zaɓa da garaje ba ne.

Kuskure iri uku ne

Kafin a auna hanyoyin, ya kamata a fahimci cewa ba kowane mai gyara ne yake ganin kowane irin kuskure ba, kuma a ganina wannan ne ginshiƙin maganar gaba ɗaya.

Iri na farko shi ne kuskuren ƙa'ida, wanda yake rubuce a littafin nahawu. A Jamusanci aikatau yana zama a gurbi na biyu a babbar jimla, amma idan ganga, wato ɓangaren jimla, ta fara da weil ko dass sai ya koma can ƙarshe. Kowane suna da babban baƙi ake fara rubuta shi. Aikatau irin anrufen yana rabuwa biyu, a ce ich rufe dich an, gutsuren an ya tafi ƙarshen jimla. Irin wannan kuskure abokin karatu yana hango shi da sauƙi, sau da yawa ma ya fi mai rubutun saurin gani, tun da laifi tudu ne.

Iri na biyu shi ne wanda inuwar Sifaniyanci ke haifarwa, kuma shi ne mai haɗari a tsakanin 'yan harshe ɗaya. Ɗan Sifaniya yana cewa tengo veinte años, wato ina da shekara ashirin, sai ya ɗauko ginin kacokan ya ce ich habe zwanzig Jahre, alhali Bajamushe ich bin zwanzig Jahre alt yake cewa. Haka tengo frío takan zama ich habe kalt a maimakon mir ist kalt. Kalmar cuando guda ɗaya ta rabu uku a Jamusanci, wann da wenn da als, kowace da muhallinta. Akwai kuma kalmomi masu kama da juna waɗanda ma'anarsu ta yi hannun riga: Firma kamfani ne a Jamusanci, firma kuwa sa hannu ne a Sifaniyanci, Mantel kwat ce ta sanyi, mantel kuwa mayafin tebur, Gymnasium makarantar sakandare ce, ba wurin motsa jiki ba, Konkurs karyewar jari ne, ba gasa ba. Jinsin suna ma yana yaudara, domin rana namiji ce a Sifaniyanci, wata kuma mace, a Jamusanci kuwa die Sonne da der Mond ake cewa, rana mace wata namiji, daidai da yadda muke yi a Hausa. Sannan ga jinsi na uku, das, wanda Sifaniyanci bai tanadar wa sunaye ba.

Furuci ma yana cikin wannan rukuni. Sifaniyanci wasula biyar gare shi kuma bai bambanta dogo da gajere ba, shi ya sa Stadt, birni, da Staat, ƙasa, suke fitowa iri ɗaya daga bakin mai koyo, haka offen, a buɗe, da Ofen, tanda. Bahaushe yana da sa'a a nan, domin kunnen da ya saba raba garin zama da garin tuwo ba zai sha wuyar jin wannan bambanci ba. Ɗan Sifaniya kuma yakan saka wasalin e gaban kalmar da ta fara da s da wani baƙi, ya ce Espanien ko esprechen, yakan haɗe b da w har bald da Wald su zama ɗaya, yakan kuma kasa raba Tier, dabba, da Tür, ƙofa. Idan mutum biyar masu irin wannan kunne suka zauna tare, babu wanda zai ji cewa an yi kuskure, saboda a wurin kowannensu abin ya yi daidai.

Iri na uku shi ne jimlar da nahawunta bai karye ba amma ba haka masu harshen ke faɗa ba, ko kuma ba ta dace da muhallin ba. A Sifaniya ana saurin kiran mutum da tú ko da ba a saba ba, a Jamus kuwa kiran jami'in ofis ko majinyaci dattijo da du a maimakon Sie yana iya zama rashin ladabi. Wannan sai wanda ya rayu a cikin harshen yake jin sa.

Ma'aunan da za a yi amfani da su

Na farko kuɗi, kuma a haɗa da lokaci, domin hanyar da ake kira kyauta takan ci sa'o'in da mutum zai bayar yana gyara wa wani. Na biyu ɗorewa, wato ko tsarin zai rayu wata shida ko shekara, tun da an ga tsawon tafiyar. Na uku sauƙi: samun abokan, daidaita lokaci, da kuma ko mai koyo zai iya buɗe baki ba tare da kunya ta hana shi ba. Na huɗu haɗari, wanda babbansa shi ne a gyara maka daidai ya koma kuskure, ko a bar kuskure ya daɗe har ya daskare. Masanin harshe Larry Selinker ya yi bayanin wannan daskarewa tun 1972, kuma duk wanda ya ga mutumin da ya shekara talatin a wata ƙasa yana maimaita kuskure ɗaya ya san abin da ake nufi. Na biyar, wanda na fi ba wa nauyi, shi ne wane irin kuskure cikin ukun nan mai gyaran yake iya gani, kuma ko zai iya faɗin dalili.

Hanya ta farko: ƙungiyar masu koyo 'yan harshe ɗaya

Mutum uku zuwa biyar ne suke haɗuwa, a ɗakin karatu ko gidan shayi ko ta WhatsApp da Telegram, kowa ya kawo abin da ya rubuta a duba tare. Ba a biyan ko sisi, kuma babu hanyar da ta kai ta sauƙin farawa.

Ƙarfinta yana wurin bayani. Wanda ya sha wuya makon jiya kafin ya gane bambancin wenn da als ya fi Bajamushe sanin inda ƙafa ke zamewa, domin shi Bajamushen bai taɓa zamewa a wurin ba. Zai yi bayanin da Sifaniyanci, ya kwatanta da ginin da kowa ya sani, ya nuna cewa dir da dich suna kusa da bambancin le da lo, cikin minti biyu a warware abin da littafi ya cika shafi uku a kansa. Shi kansa mai gyaran yana ƙaruwa, saboda ba ka iya kare gyaran da ka yi sai ka koma ka tabbatar da ƙa'idar. Akwai kuma abin da bai kamata a raina ba, wato ƙarfafa gwiwa. Ma'aikaciyar jinyar da ta baro Bogota ta faɗa cikin hunturun Jamus tana bukatar mutanen da za ta yi kuskure a gabansu ba tare da ta ji ta muzanta ba, kuma da yawa daga cikin waɗanda suka kai B2 ba don irin wannan zama ba da sun ajiye karatun a tsakiya.

Rauninta shi ne kuskure iri na biyu da na uku, kuma rauni ne babba. A ƙungiya akan sami mutum ɗaya mai ƙarfin baki wanda kowa ke sallama wa, ko da kuwa ba shi ya fi sani ba, sai kuskurensa ya yaɗu ya zama na kowa. Akwai kara, wadda ke hana mutum gaya wa abokinsa cewa rubutunsa duk ya lalace. Sannan hira takan zame ta koma Sifaniyanci bayan minti goma, a tashi ba a yi Jamusanci ba. Ta fuskar ɗorewa kuwa, irin waɗannan ƙungiyoyi sukan watse da zarar an yi jarrabawar da ta haɗa su, ko jadawalin aiki ya sauya.

Ana iya rage haɗarin da 'yan sharuɗɗa. Kada a karɓi gyara sai da hujja daga ƙamus irin Duden ko PONS ko littafin nahawu, kuma kalmar "haka na ji ya fi daɗi" ba hujja ba ce a bakin wanda ba harshensa ba ne. Duk abin da aka yi saɓani a kansa a rubuta shi a takarda ɗaya, a kai wa malami ko Bajamushe bayan mako biyu. Mai gyara ya ja layi ƙarƙashin kuskuren ya bar mai rubutun ya nemo daidai da kansa, kada ya sake masa rubutun gaba ɗaya. A ware iri biyu ko uku na kuskure a kowane zama, misali gurbin aikatau da jinsin suna, domin takardar da ta cika da jan biro kashe gwiwa take yi. Ya fi kyau kuma a sami mutum ɗaya da ya ɗara sauran da mataki guda. Furuci kuwa, shawarata ita ce kada a dogara da ƙungiya a kansa ko kaɗan.

Hanya ta biyu: musayar harshe da Bajamushe

Wannan ita ake kira Tandem, sunan keken da mutum biyu ke tuƙawa tare, kuma tarihinta yana da alaƙa ta musamman da waɗannan harsuna biyu. A Madrid ne, a 1979, wani malamin Jamusanci mai suna Jürgen Wolff ya tsara hanyar haɗa ɗan Sifaniya da Bajamushe su koya wa juna, daga baya Jami'ar Bochum ta faɗaɗa tsarin zuwa musaya ta imel a shekarun 1990. Ƙa'idojinta biyu ne: kowa ya amfana daidai da ɗan uwansa, a raba lokaci rabi da rabi, sannan kowa shi ke da alhakin tsara abin da yake son koya.

Kuɗi babu, sai dai rabin lokacinka na abokinka ne, wato zaman sa'a biyu sa'a ɗaya ce ta Jamusanci. Mai jin Sifaniyanci yana da kasuwa mai kyau a nan, domin harshensa yana cikin waɗanda Jamusawa suka fi sha'awar koyo, kuma cibiyoyin harsuna na jami'o'i da yawa suna haɗa abokan musaya kyauta. Wanda Sifaniyanci ba harshen uwa ba ne a gare shi ya kamata ya faɗa tun farko don kada a yi zaman rashin gaskiya. Yana da kyau a san kuma cewa jami'o'in Hamburg da Leipzig sun daɗe suna koyar da Hausa, saboda haka Bahaushe a waɗannan birane yana iya samun ɗalibin da Hausar ce yake nema.

Abokin musaya shi ne maganin kuskure iri na biyu da na uku. Da ka ce ich habe kalt kunnensa zai kama, haka idan ka gajarta wasalin da ya kamata ka ja. Amma ka tambaye shi me ya sa ake cewa mit dem Bus ba mit den Bus ba, sau da yawa amsarsa ita ce haka ake faɗa, domin iya harshe daban, iya koyar da shi daban. Akwai kuma tarko ga mai shirin jarrabawa: a hirar yau da kullum Jamusawa da yawa sukan ce weil ich habe keine Zeit, su bar aikatau a gurbi na biyu, ko su ce wegen dem Wetter a inda rubutu na hukuma ya fi son wegen des Wetters. Abokin da ya fito daga Bavariya ko Ostiriya yana da karin harshensa, ɗan Switzalan kuwa ba ya rubuta harafin ß sam. Wani abokin kuma saboda ladabi ba ya katse ka muddin ya fahimci nufinka, don haka sai an roƙe shi a fili, an kuma yarda a kan yadda za a yi, ko ya riƙa rubuta kurakuran ya faɗa a ƙarshe, ko ya tsayar da kai nan take.

Hanyar ba ta dace da ɗan A1 ba, domin wanda bai da kalmomin da zai haɗa jimla ba zai riƙe hirar rabin sa'a ba, sai a koma harshen da ya fi sauƙi ga duka biyun, galibi Turanci ko Sifaniyancin. Ɗorewarta ta dogara da jituwa: idan jini ya haɗu takan zama abota ta shekaru, idan bai haɗu ba takan mutu a zama na uku. Wanda yake Latin Amurka kuma yana da matsalar agogo, tun da Jamus tana gaban Bogota da sa'a shida ko bakwai, tana gaban birnin Meksiko da bakwai ko takwas, gwargwadon lokacin shekara.

Hanya ta uku: manhajojin da jama'a ke gyara wa juna

Busuu, wadda Bernhard Niesner da Adrian Hilti suka kafa a Madrid a 2008 suka kuma raɗa mata sunan wani ƙaramin harshe na Kamaru da ke dab da ɓacewa, tana ba mai koyo damar aika gajeren rubutu ko murya, masu harshen su gyara masa, shi ma ya gyara wa masu koyon nasa. HelloTalk ta China da manhajar da ita ma ake kira Tandem, ta Berlin, sun fi karkata ga hira, suna da maɓallin da ke nuna gyara a kan jimlar da aka aiko. Dukkansu suna da sashen kyauta da sashen biyan kuɗi na wata-wata.

Sauƙinsu ba ya misaltuwa, domin mai aikin dare yana iya aika jimla biyar kafin ya kwanta ya tashi ya tarar da gyara. Sai dai ba ka san wanda ya yi gyaran ba, ba ka san iliminsa ba, kuma mutum uku suna iya ba ka amsa uku mabambanta ba tare da bayani ba. Babu wanda ke bin diddigin ci gabanka, don haka babu mai lura cewa kuskure ɗaya kake maimaitawa tun wata uku. Ɗorewar ma ba a hannunka take ba: Lang-8, wadda ta shahara wajen gyaran rubutu, ta daina karɓar sababbin masu rajista a 2017. Akwai kuma masu shiga irin waɗannan wurare da wata manufa dabam, neman soyayya ko damfara, abin da ya fi damun mata, don haka kada a aika hoton fasfo ko takardar aiki ko adireshin gida da sunan neman gyara.

Hanya ta huɗu: aji mai malami da abokan karatu

A Sifaniya akwai makarantun harsuna na gwamnati da ake kira Escuela Oficial de Idiomas, waɗanda asalinsu ya koma Madrid a 1911, kuɗinsu kuma ya bambanta daga yanki zuwa yanki, daga 'yan gomomin Yuro zuwa kimanin 300 a shekara. Suna da araha da inganci, amma tafiyarsu a hankali take, ana bin shekarar karatu, gurbi kuma yakan yi wuya a manyan birane. Cibiyar Goethe a Madrid da Barsalona ta fi sauri ta kuma fi tsada nesa ba kusa ba, sai dai takardarta, tare da ta cibiyoyin jarrabawa na telc da ÖSD, su ne hukumomin Jamus suka fi sani. A Jamus kuwa akwai makarantun manya na Volkshochschule fiye da 800, da kuma kwas ɗin sajewa da jama'a da BAMF, hukumar kula da baƙin haure da 'yan gudun hijira ta Jamus, ke tallafawa, mai darasi 600 na harshe da 100 na sanin ƙasa, inda wanda ya sami izinin shiga yake biyan Yuro 2.29 a kowane darasi a 'yan shekarun nan, wato 229 a kowane kashi mai darasi 100, ana kuma yafe wa marasa ƙarfi.

Ajin Sifaniya da na Jamus ba ɗaya ba ne ta fuskar gyaran abokai. A Madrid kusan kowa harshe ɗaya yake ji, don haka aikin rukuni yana da raunin hanya ta farko, illa dai akwai malamin da ya san inuwar Sifaniyanci yana kuma jiran ta. A Jamus abokin zamanka yana iya zama ɗan Siriya ko Yukren ko Turkiyya, kurakuransa ba irin naka ba ne, sai ya ji naka kai ma ka ji nasa, kuma dole ku yi Jamusanci tun da babu wani harshe da ya haɗa ku. Wannan fa'ida ce da ba a cika ambata ba. Matsalar aji ita ce yawan ɗalibai, domin malami ɗaya a kan mutum ashirin ba zai ba kowa fiye da 'yan mintuna ba.

Hanya ta biyar: malami na kai da kai

A italki da Preply, shafukan intanet na neman malamin harshe, malamai ne ke yanka farashinsu, kuma tazarar tana da faɗi tsakanin mai taya hira da ƙwararren da ya san tsarin jarrabawa. Ita ce mafi tsada idan aka lissafa da sa'a, amma ita kaɗai ke ganin duka kurakuran uku tare da faɗin dalili, musamman idan malamin yana jin Sifaniyanci. Haɗarinta shi ne a faɗa hannun wanda bai ƙware ba, shi ya sa darasin gwaji yake da muhimmanci, kuma tana ɗorewa ne gwargwadon nauyin aljihu. Na'urorin gyara irin LanguageTool da DeepL suna taimakawa wajen kama waƙafi da ƙarshen kalma, amma wanda ya bari suka sake masa rubutu kafin ya gwada da kansa bai koyi komai ba, kuma ba za su shiga ɗakin jarrabawa tare da shi ba.

| Hanya | Kuɗi | Ɗorewa | Sauƙi | Kuskuren da take gani | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|---|
| Ƙungiyar 'yan harshe ɗaya | Babu | Gajeriya, sai da tsari | Sosai | Na ƙa'ida | Kuskure ya zama na kowa |
| Musaya da Bajamushe | Babu, sai rabin lokaci | Ta dogara da jituwa | Daga A2 zuwa sama | Furuci da salon magana | Gyara ba bayani, karin harshe |
| Manhaja | Kyauta ko kuɗin wata | Ba tabbas | Sosai | Na gajerun jimloli | Mai gyara ba a san shi ba |
| Aji | Kaɗan zuwa mai yawa | Mai kyau | Sai an bi jadawali | Na ƙa'ida da na inuwar harshe | Ƙarancin lokacin malami |
| Malami na kai da kai | Mai yawa | Gwargwadon aljihu | Matsakaici | Duka uku | Malami mara ƙwarewa |

Wace hanya ga wane mutum

Wanda yake matakin farko, yana Sifaniya ko Latin Amurka, kuɗinsa kuma kaɗan ne, ya nemi aji mai araha ya haɗa da ƙungiyar abokai mai bin sharaɗin hujja. A wannan mataki bayani cikin harshen da ya sani ya fi masa amfani da hira da Bajamushe. Amma ya ware wa furuci kulawa tun makon farko, ta hanyar sauraron muryar masu harshen da maimaitawa, ko darasi biyu ko uku da malami, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Wanda ya kai A2 ko B1 yana karatu da rubutu amma bakinsa ya ƙi buɗewa, abokin musaya ya fi dacewa da shi, kuma idan ya riga ya sauka a Jamus ya kamata ya rage zaman ƙungiyar 'yan uwansa zuwa sau ɗaya a mako, ya mayar da sauran lokacin ga cuɗanya da masu harshen, kamar yadda binciken Heidelberg ya nuna tun shekaru hamsin da suka wuce.

Ma'aikacin jinya ko likita mai jarrabawar B2 ko C1 a gabansa, wanda lasisin aikinsa ya rataya a kanta, bai kamata ya bar gyaran rubutunsa a hannun abokai ko manhaja ba. Ya biya malamin da ya san jarrabawar, ko da sa'a ɗaya ce a mako, ya yi amfani da ƙungiyar abokan aikinsa wajen gwada hirar majinyaci da mai jinya da haddar kalmomin asibiti, su tara shakkunsu su kai wa malamin, har ma su raba kuɗin darasin a tsakaninsu.

Mai aikin da jadawalinsa ke sauyawa kowane mako, a gidan abinci ko rumbun kaya ko wurin gini, manhaja ce kaɗai za ta bi shi duk inda yake. Ya riƙa aika gajerun jimloli a kan abin da ya shafi aikinsa, ya buɗe littafi yana rubuta kowane gyara da aka yi masa, ya tabbatar da shi a ƙamus, sannan sau ɗaya a wata ya zauna da malami ko Bajamushen da ya yarda da shi su bi littafin tare don a ga kuskuren da ke ta dawowa.